Wayar da Yaya Ya Ja Zuwa Ɗakin Inna

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan Yuni, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, Yaya, bayan doguwar jinya.

Mutane suna ta faɗin alherinka. Ni abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, har yanzu mamakinsa nake yi.

Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da Inna, ba ta da wani buri sai ganin fuskar Auta, ƙanwarmu da ke aure a nesa. Amma ɗakin Inna na can ƙuryar gida, bangonsa mai kauri, sabis ba ya shiga. Da an fara kiran bidiyo sai hoton ya daskare, Inna ta yi ta magana ita kaɗai, daga baya ta juya wa bango fuska.

Kai ne ka ce ba za ta saɓu ba. Ka kafa modem a falo, inda intanet ke shigowa, ka haɗa shi da suwic, ɗan akwatin nan mai raba wayoyi zuwa ɗakuna. Ka huda bango, ka ja waya ta cikin silin, ka sauko fari fat da ƙura kamar an tsoma ka a buhun siminti, muna ta yi maka dariya. Sannan ka liƙa rauta, 'yar na'urar da ke watsa intanet a ɗaki, daidai inda idon Inna zai kai daga kan gado.

"Inna, in kin ga koriyar fitilar nan, Auta na kusa," ka ce mata.

Ashe ramukan suwic ɗin sun cika. Ba ka gaya wa kowa ba, ka zare wayar ɗakinka ka sa tata. Sai da ciwo ya kayar da kai muka gane, ganin kana kwance babu abin ɗebe kewa. Na ce bari in sayo babban suwic. Ka ce in bari ka warware ka zaɓo da kanka, don kai ba ka taɓa yarda da idon kowa a kan kayan aiki ba. Taurin kanka ke nan, Yaya. Na ce to a mayar maka da taka na ɗan lokaci, ka harare ni da ragowar ƙarfinka.

"Kar ka taɓa wayar Inna."

Ranar da ka rasu, Auta ba ta samu zuwa ba, sai ta kira Inna ta bidiyo. Tsoro ya kama ni, kada kiran ya yanke a bar kowacce da kukanta. Bai ko girgiza ba. Inna ta riƙe salula tana rarrashin 'yarta har kukan ya lafa, sannan ta ce, "Kin ga aikin yayanki? Ko yau bai yanke mana ba."

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sada shi da rahamarKa kamar yadda ya sada uwa da 'yarta. Inna, Auta, matarsa da 'ya'yansa, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Amin.