Ranar da Yaya Ta Goge Kwalli

Tun da na buɗe ido na san yayata da kwalli. Ko zazzaɓi take yi, sai ta jawo tandunta ta zizara kafin ta sha magani. Muna yara nakan tsokane ta, in ce ko gobara ce ta tashi sai ta tsaya neman madubi. Bayan ɓacewar mijinta, kwallin nan ya daina zama abin tsokana a gidanmu.

Mijin nata falken tattasai ne. Yakan bi gonakin bakin Komadugu, daga Shetimari har can gabas, ya sayi busasshe ya loda wa mota zuwa Damagaram. A shekarun da ƙauyukan bakin ruwa suka watse, ya fita wata safiya ya ce gobe yana nan dawowa. Ba gawa, ba labari. Mun je Asaga, mun je Sayam, mun tambayi wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Da shekaru suka yi nisa danginsa suka gaji, suka ce a yi masa sadaka, ita kuma ta shiga takaba ta huta. Babanmu ma ya kawo malami ya yi mata bayani. Ba ta yi musu da kowa ba. Washegari ta fito tsakar gida ta rambaɗa kwalli fiye da na jiya. Mai takaba ba ta sa kwalli, don haka duk unguwa aka gane amsarta.

Ni a lokacin na samu aikin tafinta a wani buro, wato ofis, nan cikin Diffa. Wata ƙungiya ce ta ƙera manhaja ta waya, wadda mutum zai shiga ya ba da cigiyar ɗan'uwansa da ya ɓata. Yawancin waɗanda aka yi domin su ba su karatu, shi ya sa aka cika ta da zane maimakon rubutu. Kafin a sake ta ana so a san ko mutane suna gane zanen. Aka turo wata matashiya daga Yamai, muna ce mata Madam, da wata ƴar na'ura da ake maƙalawa a ƙasan wayar. Na'urar tana bin ƙwayar idon mai kallo. Duk inda ya duba a fuskar wayar, wani jan ɗigo yakan bayyana a kwamfutar Madam. In ya daɗe yana kallon wuri ɗaya, ɗigon ya yi ta kumbura. Ni ina zaune gefenta ina juya magana zuwa Hausa da ɗan Barbarcin da na tsinta a kasuwa.

Tun ranar farko na'urar ta nuna mana halinta. Baƙin da ke tsakiyar ido take nema, kwalli kuwa ya fi shi baƙi. Da mace ta zauna sai ɗigon ya haukace, ya yi tsalle nan ya yi tsalle can. Aka ajiye auduga da ruwa a kan tebur, aikina ya koma lallashin mata su goge kwalli. Wata tsohuwa Babarbariya ta goge tana mita, wai mijinta ma har ya koma ga Allah bai ga idonta tsirara ba, sai ga waya ta gani. Muka yi dariya har da Madam. Da na koma gida na ba da labarin muna cin tuwo, Yaya ba ta yi dariya ba, sai tambaya ta yi ko gaskiya ne akwai hotunan mutane a ciki.

Na faɗa mata gaskiya tun a nan. Hotunan na gwaji ne, fuskokin ma'aikata ne da abokansu, babu ɓatacce ko ɗaya a ciki. Na maimaita har raina ya ɓaci, don ni ba ni da haƙurin Yaya. Ta ce ta ji. Wata safiya ina ɗaga kai sai ga ta a bakin ƙofar buro cikin laffayarta mai ruwan goro, tana bin layi kamar kowa.

Da layi ya zo kanta na tura mata wayar, na ɓoye audugar a bayan kwamfuta. Na yi fatan na'urar ta yi mata kara. Ina. Ɗigon ya dinga rawa, Madam ta dube ni, ni na dubi ƙasa.

"Auta, ba ni audugar," in ji Yaya.

"Yaya, tashi mu je gida. Ba ya ciki, na rantse miki."

"Na san abin da kika ce. Ba ni."

Kwallin shekara da shekaru ba ya fita da shafa ɗaya. Ta yi ta murzawa har idanun suka yi ja, ta ƙare auduga ta ɗauki wata. Da ta ɗago sai na ga kamar ba yayata ba, fuskar ta yi fayau, ta tsufa a gabana. Na'urar kuwa ta kama idonta sarai, Madam har da murmushi, wai ba ta samu mai kyau haka ba tun da ta zo.

Shafin farko zane biyu ne. A dama mutum a tsaye, kore, na mai neman wanda yake zaton yana raye. A hagu mutum a kwance an lulluɓe shi da fari, na wanda ya samu labarin rasuwa yana neman inda aka binne. Madam ta ce in gaya mata ta taɓa inda za ta nemi nata. Na gaya mata.

Yaya ba ta ganin kwamfutar, ni ce nake gani. Ɗigon ya faɗa kan koren, bai ko zauna ba ya tsallaka kan farin. A can ya tsaya. Ya yi ta kumbura har ya rufe zanen, ni ina kallo. Sai can ta ɗaga yatsa ta taɓa koren. Aka wuce zuwa hotuna, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, har na ƙarshe. Ta yi godiya ta tashi.

Madam ta ce mini da Faransanci farin zanen yana jan ido da yawa, za ta ce a rage girmansa. Ban ga laifinta ba, abin da aka turo ta dubawa ke nan. Na ce mata to.

Ban iya bin Yaya ba, akwai mata a layi. Ta tafi gida ita kaɗai da rana tsaka, ta ratsa ta gaban masu shaguna, ta wuce famfon unguwa inda mata suke taruwa. Kowa ya san buron da ta je na cigiyar ɓatattu ne. Ga ta ta dawo ido jawur, babu kwalli. Ba wanda ya tambaye ta komai, don a ganinsu babu abin tambaya.

Da na dawo bayan la'asar na tarar da takalma jibge a ƙofar ɗakinta. An shimfiɗa tabarmi, maƙwabta sun cika tsakar gida, wata har ta ɗora tukunya. Ana ta cewa Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri. Na buɗe baki zan ce musu kuskure ne, auduga ce da ruwa, ba labarin da ya zo. Yaya ta kama gefen zanena ta ja ni ƙasa, na zauna. Ina ji tana amsa musu da amin, ɗaya bayan ɗaya, yadda ta bi hotunan nan.

Kafin magariba mutane suka ragu. Ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, me na'urar ta gani a idonta. Na ce ba komai, ɗigo ne kawai yake yawo.

"Ke dai ba ki iya ƙarya ba tun kina ƙarama," ta ce.

Tun daga ranar na rasa abin da nake riƙe da shi. Ashe ni ma duk shekarun nan da kwallinta nake auna ko yana raye. In na ga ta fito da shi da safe sai in ce a raina ai Yaya ta san wani abu da ba mu sani ba. Ba ta san komai ba, kuma har yau ba wanda ya sani. An gama gwajin, Madam ta koma Yamai, an ce an rage farin zanen.

Washegarin zaman makokin na shiga kai mata kunu. Ta miƙa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro tandun, fatarsa ta yi sulɓi saboda riƙo. Ta ce in tafi da shi, akwai saura da yawa a ciki, kar ya lalace.