Wayar Matatar Kawu

Da na gama sakandare, Kawu ya sa ni aiki a gidan ruwan ledarsa da ke Katabu. Aikina kallon allurar da ke nuna ƙarfin ruwa a jikin matata. In ta hau, matata ta fara toshewa ke nan.

Ruwan rijiyar burtsatsenmu da damina laka ne zalla. Tsohuwar matatar kullum a toshe, sai a kwance a wanke da magani. Kawu ya gaji, ya sayo wata sabuwa, ta wata baƙar roba mai ɗaukar lantarki. Mai haɗawa ya ce 'yar wutar da ke bi ta cikinta ita ke hana datti mannewa, kada a kuskura a zare wayar daga batirin sola.

Kawu ya dube ni. "In wannan ta mutu, rufe wurin zan yi. Kowa ya kama gabansa."

Ni kuwa gabana zaman gida ne a Kurmin Mashi, da wanke-wanke.

Ba a jima ba allura ta fara hawa. Kullum da safe ita nake fara dubawa. Waya na nan a jone, batir lafiya, amma ruwa sai raguwa yake. Abinci ma ya daina shiga.

Ran nan na dawo daga sallar azahar da wuri, sai ga direban motarmu, wani Bakatsine, zaune kan buhunan ruwa. Wayar matata na reto, cajarsa a jone a batirin a wurinta.

"Malam, me ka zare?"

"Haba ɗiyar Alhaji, ai injin bai tsaya ba. Ji shi yana ta aiki."

"Injin daban, wannan daban! Tun yaushe kake yi?"

"Duk ranar da aka ɗauke wuta. In na gama ai maidawa nike."

Wuta kuwa kullum a ɗauke take. Na fizge cajar na cilla masa, na mayar da wayar matata.

Mai haɗawa ya zo ya wanke matatar. Ya ce dattin ya riga ya kama wani sashe, ba zai fita ba, amma za ta kai mu rani. Kawu bai rufe ba. Bai kuma ce komai game da bayan rani ba, ni ma na kasa tambayarsa.