Makon da Gidanmu Ya Zama Turai

Ko da tsufa ya kwashe mini rabin abin da na sani, ba na jin zai iya kwashe makon da na mai da gidanmu na unguwar Harra ta Yamma ƙasar Turai ta zamanin da. Har yau in na tuna, sai dariya ta kama ni ni kaɗai.

Jikata ce sanadi. A nan Madina aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma in ka yi mata magana da ita, da Larabci za ta mayar maka. Ta taɓa faɗuwa jarrabawar tarihi, aka kuma ce in ta sake faɗuwa za ta maimaita aji, ƙawayenta su wuce su bar ta. Wata rana bayan la'asar ta jefo mini littafin a cinya tana shirin kuka. Ni ban yi boko ba, amma littafin da Larabci yake, da haruffan da na saba rubuta ajami da su, don haka na sa tabarau na duba. Darasin a kan Turawan da ne: masu manyan gandaye, da baraden da ke yi musu yaƙi, da talakawan da ba su da ikon barin gonar ubangidansu. Sai kuma yadda daga baya suka bazama cikin teku neman hanyar ƙasar Hindu, don masoro da kanumfari da kirfa, saboda fataken da ke tsakani sun riƙe hanya suna tsuga musu tsada.

Ta ce, "Wallahi ya Jaddi, ma fahimt. Mutum ya mutu a ruwa don masoro? Ba su da baƙala ne?" Wato ba ta gane ba, wai ba su da kanti ne. Jaddi take ce mini, kakarta kuma Sitti.

Na ce, "Ke da ba ki taɓa cin miya lami ba, ina za ki gane? Daga gobe gidan nan Turai ne."

Na naɗa kaina mai gandu, ita da ubanta talakawa. Da na juya wajen Hajiya, matata, ta ɗaga mini hannu. "Malam, ban yi bauta da ƙuruciya ba, ba zan fara da furfura ba. Ni ce fataken." Ta tattara duk wani kayan yaji ta kulle a kabad, ta ƙulle makullin a bakin mayafinta. Barkono da tumatir ma ta kwashe, don littafin ya ce a lokacin ba su iso Turai ba. Wanda ke son ɗan tsunguli na masoro, sai ya wanke kwanukan gidan kaf.

Jama'a, Allah Ya raba mu da abincin Turawan da! Dafaffen sha'ir, da kabeji, da gishiri, shi ke nan. Ɗana ya fara fakewa da aiki yana cin abinci a waje. Ni mai gandu guda, da rawanina, na tsinci kaina a bakin famfo ina wanke tukunya, Hajiya na tsaye a kaina tana cewa, "Gindin bai fita ba, ranka ya daɗe."

Ana cikin haka, ba zato ba tsammani, sai ga ƙanena daga gida ya zo umara. Aka sauke shi a majalisi, ɗakin baƙin nan da ke da ƙofa biyu, ɗaya ta cikin gida, ɗaya ta titi. Na raɗa wa Hajiya a ɗage doka saboda baƙo. Ta ce, "Wanda ya kafa ta ya ɗanɗana kunyarta." Aka kawo masa sha'ir da kabeji. Ya yi bisimilla, ya kai loma, ya daɗe yana juya ta a baki, sannan ya dube ni da tausayi.

"Yaya, ka gaya mini gaskiya. Likita ne ya hana ku, ko arzikin ne ya karye?"

Kafin in ba shi amsa ya jawo jaka ya zuge. Kowa ya san mutumin gida ba ya zuwa mana hannu rabbana: ga daddawa, ga kuka, ga kilishi, ga yaji a roba. Ƙamshi ya ratsa gidan har kicin. Jikata ta fito a guje, amma Hajiya ta riga ta, ta jawo kujera ta zauna daram a ƙofar majalisi ta cikin gida. "Duk kayan da suka shigo ƙasar nan, ta hannuna za su bi. Kwanuka na jiran ki."

Yarinya ta dubi kakarta, ta dubi ƙofar, ta juya ta tafi. Muka ɗauka fushi ta yi. Ashe ta ƙofar baya ta fice, ko takalmi babu, a kan kwaltar Madina da tsakar rana, ta zagaye gidan kaf tana tsalle kamar fara a tukunya, ta ƙwanƙwasa ƙofar titi. Ƙanena ya buɗe mata. Can sai ga ta ta leƙo ta bayan kujerar Hajiya, baki jawur da yaji, hawaye na zuba, kilishi a hannu biyu, tana ihu da Hausa tsantsa:

"Jaddi, na gane! Zagaye Sitti suka yi! Sun bi ta bayan gida!"

Na yi dariya har rawanina ya warware. Hajiya ta kwance makulli ta jefo mini tana cewa an karya mata kasuwa. Ƙanena dai yana ta salati, yana tambaya ko rana ce ta taɓa mu duka.

Da muka natsu muka ci tuwo da miyar kuka mai yaji, na gaya wa jikata abin da ba na dariya ba: jiragen nan da suka zagaya sun tsaya a gaɓar ƙasashenmu, kuma ba masoro kaɗai suka loda ba, har da mutane. Ta ajiye cokalinta.

Ta ci jarrabawar, ta wuce tare da ƙawayenta, tafin ƙafarta na saɓa. Ni kuma na koyi cewa karatun da ya ƙi shiga ta kunne, wani lokaci ta harshe yake shiga. Tun daga ranar, in na barbaɗa yaji a tuwo sai na yi hamdala, don abin da wasu suka ba da rayukansu a teku suna nema, ni yana cikin kabad, makullinsa a bakin mayafin Hajiya.