Karan da Baba ya kafa a fadama

Ina cikin aji a Darki, ranar Talata da hantsi, Yaya Habu ya kira ni. Bai tsaya gaisuwa ba. "Sai haƙuri, Baba ya cika," in ji shi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Mutane sun san mahaifinmu, Malam Isa, da haƙuri da riƙon amana. Mu 'ya'yansa mun ƙara saninsa da ƙeƙuwa, tsuntsuwar nan mai dogayen ƙafafu, baƙi da fari, da ke kwarmato a bakin kogin Wudil. Ba ta sheƙa a bishiya. A ƙasa take zuba ƙwai, launinsa ya saje da hoge, sai ka taka ba ka sani ba. Duk farkon damina, kafin a sa garma, Baba yakan bi gonarmu ta fadama a hankali. Inda ya ga ƙwai sai ya kafa kara, ya ɗaura tsumma, ya ce mai garma ya kewaye. Kunyoyinmu su fito a karkace, maƙwabta su yi ta dariya, mu kuma mu yi ta ƙorafi, ni ne kan gaba. Amsarsa ɗaya ce: "Ta riga mu zuwa. Kunya biyu ba za ta hana mu cin tuwo ba."

Cikin ƙeƙuwar ma, ya bambance mai ƙaya a fiffike, 'yar bakin ruwa, da mai tukku wadda ta fi son faƙo. Da na ɗan yi karatu na zo masa da iyayi, na ce ai masana ba su sa ta cikin tsuntsayen da ake fargabar ƙarewarsu ba. Ya dube ni. "Masanan sun leƙo fadamar nan? Da ina yaro, kukansu ba ya barin ka ji kiran ɗan'uwanka. Tun da tifa ta fara kwasar yashi, nawa ka gani?"

Bayan sadakar uku muka je gona, ni da Yaya Habu. Kara uku muka tarar a tsaye, tsumman yana kaɗawa. Ashe aikinsa na ƙarshe ke nan. Hawayen da na riƙe a maƙabarta a nan suka zubo. Ɗanjuma mai garma ya yi mana gaisuwa, sannan ya ce, "Malam, tunda tsoho ya tafi, in tuge karan nan mu miƙe kunya?"

Yaya Habu ya juyo yana kallona. Na durƙusa gindin kara na farko. Ƙwai huɗu, uwar tana shawagi a kaina tana ihu.

"Kewaye," na ce. "Bana, da baɗi, da duk shekarar da Allah ya nuna mana."

Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya tausaya wa abin da ba shi da bakin roƙo, Allah ya tausaya masa. Allah ya ba Inna da mu duka haƙurin rashi, ya ba mu ikon riƙe abin da ya bari, har karan nan uku. Amin.