Karan Awon Ƙafar Baba

Tashi daga Gombe

Shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi, duk wanda ka sani ya zama mai babur, har aka wayi gari babu ko ɗaya na sayarwa a Gombe. Ni kuwa ba don kaina nake nema ba. Babana ne gwiwa ta fara ba shi wahala, gonarsa ta hanyar Kwami ta yi masa nisa, har ya soma zancen sayar da ita. Gonar nan kuwa ita ce ransa. Na ce zan je Jos in sayo masa babur ya koya.

Da asubar Talata, bayan mun idar da salla, Baba ya tsaya a tsakar gidanmu na Dawaki ya sa na auna ƙafarsa da karan dawa, daga cinya zuwa ƙasa. Gajere ne, yana tsoron kada in kawo masa abin da zai riƙa reto a kai. Inna ta gan mu, ranta ya ɓaci, ta ce a garinsu gawa ake aunawa da kara. Baba ya yi dariya, ya ce ita dai ta tanadi mayafin hawa baya.

Ƙarfe shida da rabi motarmu kiya-kiya ta bar tashar Bolari, ina rungume da kara kamar jariri.

Dindima zuwa Jos

A gadar Dindima sojoji suka sauke mu. Ɗaya ya juya karan yana neman abin da na ɓoye a ciki.

"Malam, wannan fa?"

"Ƙafar babana ce, ranka ya daɗe."

Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya miƙo mini abina. A Bauchi na ci masa da miyar taushe, na sake mota. Tun daga Toro sanyi ya fara shiga ƙashina, muka isa Jos ana kiran la'asar. Na sauka wurin Baffa Sule, ƙanen Baba, wanda ke ɗinki a can.

Kantin babura

Laraba da hantsi muka je kanti ni da Baffa. Mai kantin ya ja mu wurin wani jan babur mai ƙyalli, ya ce shi samari ke rububi. Na jingina kara a jikinsa, sirdin ya ɗara shi da tafin hannu guda. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, masu saye suna ta yi mini dariya.

Can a lungu akwai wani ɗan ƙarami baƙi, mai zagayayyiyar fitila, sabo ne amma ƙirarsa irin ta dā, kamar wanda malaman gona ke hawa muna yara. Baffa bai so shi ba. Ya ce ba ya gudu, in ya ɗauki mutum biyu sai ya yi nishi a hawa, kuma kuɗinsa sun fi girmansa. Duk gaskiya ya faɗa. Amma ba shi da nauyi, ba ya shan mai, kuma na ga yadda abokaina masu koyo ke faɗuwa: ba a guje ba, sai sun zo tsayawa ƙafa ta kasa samun ƙasa. Na ɗora kara, ya zo daidai da sirdi kamar tare aka yanke su. Ban ƙara duba wani ba.

Komawa gida

Alhamis muka ɗaure shi a bayan a-kori-kura mai ɗauke da dankali. Taya ta fashe mana a Alkaleri, don haka sai bayan la'asar muka shigo Gombe. Ni ma ban iya hawa ba, turo shi na yi tun daga tasha har Dawaki.

Tarin takalman da na gani a ƙofar gida su suka fara tsinka mini zuciya. Ashe ran Laraba Baba ya faɗi a hanyar gona, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Na same shi kwance, bakinsa ya karkace. Da ƙyar na gane abin da yake cewa: a shigo da babur.

Ni da maƙwabcinmu muka ɗaga Baba muka ɗora a sirdi, muna riƙe da shi. Ya miƙa ƙafarsa ta dama a hankali, ta zauna daram a ƙasa.

"Ka iya awo," in ji shi.

Inna ta juya ta shige ɗaki. Ni ma na yi kuka, ban ɓoye ba.

Baba bai kai lokacin kaka ba. Ba mu sayar da gonar ba; ni na koyi hawa, nake zuwa duk Asabar. Ni dogo ne, gwiwoyina har suna neman taɓa hannun babur, abokai na ta tsiya wai in sake babba. Duk mai koyon da ya tambaye ni ko ƙaramin nan ya ci kuɗinsa, nakan ce masa ya zauna a kai tukuna, ya ga ko ƙafarsa ta kai ƙasa.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni na same shi da rai, na gode wa Baffa da ya sauke ni. Allah ya jiƙan Baba. Karan yana nan a bayan ƙofar ɗakinsa, Inna ta hana a jefar.