Jan Zaren da Ya Kai Ni Likita a Mayahi

Mun tashi da asuba daga Tasawa, ni da gwaggona, za mu wani ƙauye kusa da Cake wurin tsohuwar da ta iya rina zare da karan dafi. Hular jariri nake so in yi wa surfani da jan da ba na kanti ba. Cikin fari gare ni, wata biyar, kuma ban da gwaggo da maigidana ba wanda ya sani.

Direba ya ƙara kuɗin mota, wai esans, man mota, ya hau. Da muka bar gudron, titin kwalta, sai rairayi da amalanken jakuna, ɗaya ma ta wuce mu. A Mayahi muka ci ƙosai, muka hau kabu-kabu.

Tsohuwar ta dafa jajayen ɓawon kara da kanwa, ta sa na tsoma zarena sau uku da hannuna.

"Ɗiyata, bari shi bushe."

Ban bari ba, rana ta yi. Na ƙulle shi a leda da danshinsa, na soke cikin zane a ƙuguna, don kunya kar wani ya tambaye ni hular wa.

A hanyar dawowa, muna cikin mota a tashar Mayahi, wata mata ta kama hannuna. "Innalillahi! Yarinya, ciki gare ki?" Na duba. Ja yana bin ƙafata har cikin takalmi. Wallahi zaren bai faɗo mini a rai ba. Marata ta ɗaure, kunnuwana suka toshe. Gwaggo na salati, wani ya ce a kwantar da ni, wata ta ce kar a taɓa ni. Ban san wanda ya ɗauke ni zuwa likita ba.

Ungozoma ce ta kwance zanen, fasasshiyar leda ta faɗo. Ta shinshina hannunta, ta dubi gwaggo.

"Hajiya, jinin ɗiyarki kanwa gare shi."

Suka yi dariya, ni kuka nake. Sai da ta sa mini na'ura na ji bugun zuciyar ɗan da ke cikina da kunnena, sannan na yarda.

Mun iso gida bayan la'asar, labari ya riga mu. Abin da na koya? A bar zare ya bushe, ina jin. Sauran ban gane ba tukuna. Kwana huɗu ke nan, har yanzu ina duba zanena in na miƙe tsaye.