Farin Yadin Da Na Naɗe Tantin Kawu Hashimu Da Shi

Kawu Hashimu ya rasu.

Ina wanke kofuna da safen nan 'yarsa Hadiza ta kira ni daga Birnin Kudu. Ta ce ya yi sallar asuba ya koma ya kishingiɗa, da aka kai masa koko aka tarar ya cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kofin da ke hannuna ya faɗi, yana can a ƙasa, har yanzu ban kwashe fasassun ba.

Kun san ba na rubutu a nan. Hoton jikoki nake sakawa, sai barka da Juma'a. Amma yau ku yi haƙuri da ni.

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu ya san tsintsiyar hannu yake miƙawa, domin yatsun damansa huɗu a murɗe suke. In aka tambaye shi sai ya ce, "Mota ce ta cije ni."

Ba mota ba ce. Mutane ne. Kuma ni ce sanadi, na yi kusan shekara hamsin ina neman bakin da zan ce ya yafe mini.

Ƙanin mahaifiyata ne. Mu mutanen wajen Farin Dutse ne a Gwaram, da na ci jarrabawar sakandare aka kawo ni gidansa. Shekarun nan ne da aka bar fam da sule aka koma naira, kuɗin mai ya fara yawo, kowa yana sayen babur da rediyo. Shi Kawu makaniki ne, tsohuwar jif ya sayo, irin ta soja da aka yi gwanjo bayan yaƙi. Burinsa ya tuƙa ta ta Chadi da Sudan har bakin teku, shi da wasu dattijai uku da suka rantse ba za su je Makka a jirgin sama ba.

Shekara guda yana shirya ta. Ya yi mata tankin ruwa a ƙarƙashin kujerar baya, da ɗan famfo a waje don alwala. Jarkokin fetur huɗu a bayanta, ya shafe su da jan fenti. Safayar taya biyu, ɗaya a kan bonet. Shebur da diga da gatari a gefe, kowanne da maɗaurinsa na tsohon tiyub. Akwatin katako mai risho da tukwane da gidan sauro, sai wasu faifayen ƙarfe biyu da ake shimfiɗa wa taya in ta nutse a yashi.

A saman motar kuwa ya ƙi sa ƙarfe. Gwangwala ya jera ya ɗaure da igiya. Ya ce ƙarfe in ya karye a sahara sai an nemo mai walda, gwangwala kuwa wuƙa ta ishe ta.

In na taso daga makaranta nakan tsaya a bakin garejin, jaka a ƙirji, ba na cewa uffan. Kunya gare ni kamar ciwo.

"Malama," haka yake kirana, "miƙo mini sifana mai lamba goma sha uku, ke kika iya karatu."

Alhali ido a rufe ya san ta.

Shi ya koya mini sa giya, motar tana tsaye. Yana taka kuloci ina turawa, yana cewa, "A hankali, ba tuwo kike tuƙawa ba."

Abu na ƙarshe da ya samo shi ne tanti, babba, na koren tamfol. In aka naɗe shi da sandunansa da turakunsa ya kai tsawon mutum. Kawu ya ce zai cusa shi a buhu don kada rana ta cinye shi. A ranar na yi masa magana mafi tsawo da na taɓa yi. Na ce malamar kimiyya ta koya mana cewa fari yana mayar da zafin rana, gara a rufe shi da farin yadi.

Ya tafa hannu. "Kun ji boko ko! Gobe za a sayo."

Ya sayo farin alawayyo. Na kai makaranta na yi masa kalmasa a keken ɗinki, ɗinki a miƙe kamar an ja da rula. Na naɗe tantin tsaf, na yi masa ɗauri uku yadda aka koya mana ɗaure kaya: ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙasa. Aka ɗora shi a kan gwangwalar nan.

Ni yarinya ce. Ban taɓa ganin gawa a likkafani ba, ban taɓa ganin makara da mutum a kai ba. In za a fito da mamaci, ɗaki ake tura mu a rufe ƙofa. Ban san kamar me abin da na ɗora ya yi ba.

Na tuna Malam Iro mai faci ya leƙo, ya dubi saman motar ya buɗe baki, sai Kawu ya taka masa ƙafa. A lokacin ban gane ba.

Da aka yi hutun damina Kawu ya ce shi zai kai ni gida, ya gwada motar da cikakken kayanta. Muka wuce Kiyako, muka bar kwalta muka shiga hanyar daji. Sau ɗaya muka kafe a taɓo, ya shimfiɗa faifayen nan, ta fita kamar wasa. Yana ta dariya, laka har gemu.

Bayan azahar muka iso wani ƙauye. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsu ba su da laifi.

Ba mu san wata yarinya 'yar shekara biyar ta ɓace musu tun jiya ba. Ba mu san maza sun kwana biyu suna jin labarin masu mota da ke satar yara suna yanke kai ba. Mun dai ga taro a bakin hanya, kowa da sanda. Kawu ya rage gudu don ya yi sallama.

Wata mata ta ɗaga kai ta dubi saman motar, ta kurma ihu.

"Ga ta can! Sun naɗe ta! Wayyo Ladi!"

Wani ya ce, "Wannan tsawon ai ba ita kaɗai ba ce! Ga shebur, ga diga!"

Dutsen farko ta gilashin gaba ya shigo. Na ji ɓaraguzai a bakina. Kawu ya danne kaina ƙasa, ya ce, "Kada ki ɗago." Aka fizge ƙofa, aka jawo shi ta wuyan riga. Ina jin saukar sanduna a jikinsa, tim, tim, kamar ana bugun dawa. Yana cewa, "Bayin Allah, tanti ne! Ku bari in kwance muku ku gani!"

Na ɗago. Na saɓa masa.

Na ga ya yunƙura, jini ya rufe masa ido ɗaya, ya dafa bonet da hannun dama yana neman igiyar da ta riƙe kayan. Wani ƙato ya riga ya zare sheburinmu. Ya ɗaga shi sama ya sauke kaifin a kan hannun. Ya sake ɗagawa ya sake saukewa. Ƙarar nan tana kunnena har yau, ƙashi tsakanin ƙarfe biyu.

Kawu bai yi ihu ba. Ya dai durƙushe a gaban taya, aka rufe shi da duka da ƙafa.

Sai na ji warin fetur. Sun kwance jar jarka guda, suna tuttula masa a kai, suna watsa wa tayoyi. Wani yana cewa, "A kawo ashana! Wa ke da ashana?"

Ban san yadda na fita ta baya ba. Na taka jarkokin da suka rage na haye sama. Dutse ya same ni a gira, tabon yana nan. Na kama ɗaurin farko, ya ƙi. Ɗaurina ne, na ja shi da ƙarfi don a yaba mini. Na sa haƙori. Haƙorina na gaba ya gutsure, ɗaurin ya saki. Na biyu. Na uku. Jini yana ɗiga a kan farin yadin, su kuma ganin jinin ya ƙara musu hauka.

Ni da ko sunana ba na iya faɗa da ƙarfi a aji, na buɗe maƙogwaro.

"Tanti ne! Ni na ɗinka! Ni na ɗaure!"

Na tura shi da ƙafa biyu. Ya faɗo ya warware, koren tamfol ya baje a ƙasa, sanduna da turaku suka watse da ƙara.

Mai ashana yana tsaye, tsinke a hannu.

Matar nan ta rarrafo tana ɗaga tamfol ɗin ninki bayan ninki, tana leƙawa tana kiran Ladi, Ladi. Da ta kai ƙarshe ta zauna a laka ta ɗora hannu a ka. Maza suka fara sulalewa ɗaya ɗaya. Sheburin yana yashe a ƙasa, ba wanda ya yarda shi ya riƙe shi.

Wani tsoho ya karɓe ashanar. Shi ya gano ɗan famfon alwala, ya murɗa, ya yi ta wanke wa Kawu fetur daga fuska yana salati. Ya sa aka tura motar gaba, nesa da inda man ya kwanta. Na cire ɗankwalina na ɗaure hannun. Yatsun suna reto.

Kawu ya dube ni da ido ɗaya. "Malama, zo ki sa giya."

Haka muka koma Birnin Kudu. Sitiyarin a dama yake, ya riƙe shi da hagu, yana taka kuloci ina turawa, ina kuka, iska tana shigowa ta inda gilas yake a da. Jini ya cika masa takalmi.

"Biyu. A'a, wannan huɗu ce. Yau kike so mu isa Makka?"

Sai a ƙofar asibiti ya suma.

Bai sake riƙe sifana ba. Dattijan nan uku a jirgi suka tafi. Jif ɗin wani mai fataucin hatsi ya saye ta, ya cire tankin ya zuba buhuna. Da Inna, mahaifiyata, ta zo tana kuka tana tambayar wa ya naɗe abu haka, ina tsaye a bayan ƙofa na ji ya ce, "Ni ne, Yaya. Da hannuna." Har ta rasu ba ta san gaskiya ba.

Shi ya raka ni kwalejin horon malamai, akwatina a kafaɗarsa ta hagu. Shi ya yi wa 'yata ta fari huɗuba. Duk zuwana sai ya sa an soya mini gyaɗa. Nakan shirya maganar tun daga gida, in na ga hannun sai harshena ya mutu. Shi kuma da ya ga na yi shiru sai ya kawo labarin farashin taki.

Bayan ƙaramar sallar bana na je. Yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida da hantsi, ya rame. Na durƙusa, na kasa kallonsa, na ce wa tabarma, "Kawu, ni na jawo maka. Ka yafe mini."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Malama, duk shekarun nan abin da kike ɗauke da shi ke nan? Ni fa na ga makara tun a gareji. Iro ma ya gani. Amma a kan yadin nan ne kika fara yi mini magana da ido a sama. Na kasa cewa ki kwance. Na ce in mun kai ki gida zan sauya. To wa ya fi laifi, yarinya ko mai gemu?"

Na ce amma hannunka.

"Hannu ɗaya na bayar. Wa ya hau mota ana jifa? Da ba ki gutsure haƙori ba, da toka za a kawo wa Yaya."

Sannan ya faɗa mini abin da ban sani ba. Da ya warke ya koma ƙauyen a motar haya, shi kaɗai, don ya tambayi ko an ga yarinyar. An gan ta washegarin ranar, a kududdufin bayan gari. Ruwa ne ya ci ta, ba mutum ba. Yadina da muka bari a laka, shi suka wanke suka yi mata sutura da shi.

Kaji suna ta tono a gefenmu.

Da zan tafi ya miƙo mini tsintsiyar hannun, na riƙe yatsun a karon farko. Ya ce, "In tawa ta zo, ke za ki kawo yadin. Fari yana mayar da zafi, ko ba haka malamarku ta ce ba?"

An sa jana'iza bayan azahar, ana jiran 'ya'yansa na Kano. Na gaya wa Hadiza kada kowa ya je kasuwa. Ina cikin mota yanzu, yadin yana kan cinyata.

Ya Allah ka gafarta wa Kawu Hashimu. Ka yalwata masa kabari, ka sanyaya shi, ka mayar masa da hannunsa lafiyayye a Aljanna. Ka jiƙan Ladi da mahaifiyarta, da tsohon da ya karɓe ashana. Wanda ya ɗaga shebur ma ka yafe masa, domin Kawu ya ce shi ya daɗe da yafewa.

Don Allah duk wanda ya karanta har nan, kada ya tsaya a danna hoton kuka. Ya ajiye wayar, ya karanta masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce.